Akwatin takalmin Baba da fuskokin da ke jikin ashana

Duk baƙon da ya shigo falona a Bronx, cikin birnin New York, ya hangi albam huɗu jere a saman kabad, yakan ɗauka hotunan biki ne ko na suna. In na sauko da ɗaya na buɗe masa, sai ya yi shiru yana kallo. Bangon ashana ne a ciki, tsofaffi, an zare tsinkayen an miƙar da kwalin, kowanne ɗauke da fuskar wani Bature sanye da hular wasan besbol. Da yawansu sun girmi mahaifina. Tambayar da ke biyo baya kusan kullum ɗaya ce: "Malam, me za ka yi da wannan?" Na sha ba da amsa a taƙaice, amsar ba ta taɓa gamsar da mai tambaya ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa na zauna in faɗi labarin tun daga tushe.

Ni mutumin Zariya ne. A 2004 ƙuri'ar biza ta faɗo kaina, na taho New York, na kama tuƙin tasi kamar yawancin 'yan'uwanmu da suka riga ni zuwa. Mahaifina tela ne, ya yi sama da shekara 40 a kan keken ɗinki. Ya rasu a 2008. Ina cikin layin motoci a filin jirgin sama ina jiran fasinja wayar yayana ta shigo, kuma kafin in gama fahimtar abin da yake faɗa har an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. Haka addini ya tanada, ban kuma taɓa jin haushin kowa a kan hakan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mahaifinmu bai damu da hoto ba, guda ɗaya tak muka sani yana da shi, ɗan ƙarami irin na fasfo, shi ma daminar da ta kayar da ɗakinsa ta tafi da shi. Muryarsa tana nan a kunnena daram, har yadda yake gyaran murya kafin ya kira sunana. Fuskar ce take ta dusashewa shekara bayan shekara, ban kuwa da abin da zan duba in dawo da ita.

Bayan shekara 7 a kan sitiyari ciwon baya ya sa ni gaba. Na yi kwas na kula da tsofaffi a gidajensu, aka tura ni wurin wani dattijo a unguwar Highbridge, hawa na 5 a wani tsohon bene da ba shi da nisa da filin wasan ƙungiyar besbol ta Yankees. Haihuwar 1925 ne, wato yana da shekara 86 a lokacin. Matarsa ta rasu, ɗansa guda yana wata jiha mai nisa, shi kuma cutar mantuwa ta fara cinye shi. Bakina ya kasa kiran sa'an mahaifina da sunansa gatsau kamar yadda ake yi a nan, sai na riƙa ce masa Baba. Ya tambaye ni ma'anarsa, na gaya masa, ya ji daɗi. Washegari ya sake tambaya. Haka muka yi ta yi har ƙarshen rayuwarsa.

Watannin farko sun yi mini tsanani. Yau ya karɓe ni da fara'a, gobe ya ce ɓarawo ne ya shigo masa gida. Yakan ture kwanon abinci, ya ƙi wanka, ya tsaya bakin taga yana jiran matarsa ta dawo daga kasuwa. Sau biyu ina gaya wa uwargida cewa zan nemi a canza mini wuri. Ta ce, "Malam, ka ƙara haƙuri. Da Baba na Zariya ne fa?" Maganar ta shige ni, na ci gaba da zuwa.

Wata safiya cikin hunturu murhun gas ya ƙi kamawa da kansa, na shiga neman ashana. A saman kabad ɗin tufafinsa na ci karo da akwatin takalmi, na buɗe, sai wani wari ya buge ni, na tsohuwar takarda da ta daɗe a rufe. Bangon ashana ne ɗaruruwa, an ɗaure su dami-dami da roba. Na zaro ɗaya ina jujjuyawa. Daga kujerarsa ya daka mini tsawa cewa in ajiye. Maimakon in mayar, sai na kai masa na sa a tafin hannunsa. Ya kawo shi kusa da ido, ya ce, "Hubbell." Daga nan ya ɓalle da magana. Mutumin da bai san ranar da muke ciki ba, bai san ko ya karya kumallo ba, ya yi kusan minti 40 yana ba ni labari, suna bayan suna, shekara bayan shekara, babu tuntuɓe. Shayin da ban dafa ba ke nan a ranar.

Sai na ɗan yi bayanin irin ashanar, don ba irin tamu ba ce ta kwali mai aljihu da muke haɗa mota da ita muna yara. Wannan kwali ne mai ninki kamar ƙaramin littafi. A ciki akwai tsinkaye 20 na takarda mai kauri, an maƙale su da ɗan ƙarfe, ana yago ɗaya a ƙyasta a jikin wani baƙin layi mai kaushi da ke ƙasan kwalin. Wani lauya ne a Filadelfiya mai suna Joshua Pusey ya yi rajistar ƙirƙirarta a 1892, daga baya kamfanin Diamond Match ya sayi haƙƙin. Da 'yan kasuwa suka gane cewa bangon nan wurin talla ne da ke shiga aljihun mutum, ana kuma duba shi sau 20 kafin a yar, sai otal-otal da gidajen abinci da bankuna da 'yan siyasa suka rungume shi. A zamanin kusan kowane magidanci yana shan sigari, saboda haka ashana tana ko'ina. A 1934 Diamond ya fitar da jerin 'yan wasan besbol 200, hoton ɗan wasa a gaba cikin zagaye mai ruwan azurfa, ɗan taƙaitaccen tarihinsa a baya. Ana samun ɗan wasa guda a kan launi daban-daban, ja ko kore ko shuɗi ko ruwan lemo. A shekarun da suka biyo baya kamfanin ya ƙara wasu jerin, ya kuma yi na 'yan ƙwallon Amurka da taurarin fim da na rediyo. In aka miƙar da bangon, faɗinsa inci 1 da rabi ne, tsawonsa ya ɗan haura inci 4.

Baba bai sayi ko ɗaya daga cikin nasa na farko ba. Yana da shekara 9 a 1934, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da aikin yi, mahaifinsa na cikinsu. Shi da abokansa sukan bi bakin titi da ƙofar shagunan taba da matakalar tashar jirgin ƙasa, idonsu a ƙasa, suna tsintar wanda aka gama amfani da shi aka jefar. Ranar wasa kuwa sai su tsallaka gadar Macombs Dam zuwa ɓangaren Harlem, su hau tudun Coogan's Bluff da ke saman filin Polo Grounds, gidan ƙungiyar Giants. Daga kan tudun ana hango wani yanki na filin kyauta, nan marasa kuɗin tikiti ke taruwa, suna shan sigari suna yar da ashana. Ya ce mini wani lokaci yakan tsaya kusa da mutum yana ƙirga tsinkayen da suka rage masa, yana jiran ya ƙyasta na ƙarshe.

Shi ya sa kusan duk nasa suke da tabon ƙyastawa. A wajen masu wannan sha'awa, bangon da ba a taɓa ƙyastawa a jikinsa ba shi ne mai daraja, wanda aka yi amfani da shi farashinsa yakan faɗi. Na fahimci dalilinsu, amma zuciyata ba ta bi su ba. In na sa gilashin ƙara girma na duba zanen da tsinke ya bari, ina ganin hannun wani mutum da ya tsaya a cikin sanyi shekara 90 da suka wuce, ya kare iska da tafinsa, ya kunna wuta. Sabon fil ɗin da ya kwana a sito ba shi da wannan.

Ban san komai game da besbol ba a lokacin, duk da shekarun da na yi ina sauke fasinja a ƙofar filin Yankees a titi na 161. A idona mutane ne tsaye a fili suna jiran abin da ba ya zuwa. Baba ne ya koya mini, da cokula da murfin kwalba a kan teburin cin abinci. Kowane ɓangare mutum 9 ne, ana yin zagaye 9. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai sanda yana ƙoƙarin bugunta, in ya kuskure sau 3 ya fita. In ya buga sai ya ruga ya bi tashoshi 3 ya dawo gida, shi ne ci ɗaya. Ainihin wasan, in ji shi, yana tsakanin mutum biyu ne, mai jifa da mai bugu, kowa yana karanta zuciyar ɗan'uwansa. Da na gane haka sai na daina ganin jira, na fara ganin dara.

Labarin da ya fi so shi ne na Carl Hubbell, bahago, mai jifa na Giants. Yana da wata jifa da yake murɗa hannu ta baya, ƙwallon ta karkace saɓanin inda mai bugu ke tsammani. Ya yi ta yi har hannunsa na hagu ya murɗe, in ya sake shi tafin yana kallon waje. A watan Yulin 1934 aka yi wasan zaɓaɓɓun taurari a Polo Grounds, Hubbell ya fitar da manyan mabuga 5 a jere ba wanda ya sami ƙwallon yadda ya kamata: Babe Ruth, Lou Gehrig, Jimmie Foxx, Al Simmons, Joe Cronin. Baba yakan lissafa su da yatsu, kullum a wannan jeri, bai taɓa musanya ɗaya da ɗaya ba, sannan ya murɗa siririn hannunsa ya nuna mini yadda jifar take. Na ji labarin nan ya fi sau 200. Ban taɓa ce masa ya riga ya gaya mini ba, domin duk lokacin da yake faɗa, ina ganin mutumin da yake kafin ciwo ya same shi.

Daga nan rayuwarmu ta sami tsari. Bayan karin kumallo sai in zaro bango 3 ko 4, in karanta masa tarihin da ke bayansu, shi kuma ya gyara mini lafazin sunayen, ya ƙara da abin da ba a rubuta ba. Mel Ott, ɗan gajere, mai ɗaga ƙafa sama kafin ya kai bugu, wanda ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili, wato bugun da ke ba da ci kai tsaye, sau 511 a rayuwarsa ta wasa. 'Yan'uwan nan biyu na Pittsburgh, Paul da Lloyd Waner. Casey Stengel, wanda ke horar da Dodgers na Brooklyn a lokacin. In rigima ta taso masa da yamma, lokacin da masu irin ciwonsa suka fi rikicewa, sai in sa masa bango ɗaya a hannu, ya riƙa shafa shi da babban yatsa har ya lafa. Wanka ya yi sauƙi, abinci ya shiga. Turancina ma a nan ya zauna, don a tasi sunan titi da kuɗin mota kawai na iya.

Wata rana, bayan mun bi ta kan fuskoki da yawa, na ce, "Baba, ban ga baƙar fata ko ɗaya ba." Ya daɗe bai amsa ba, har na ɗauka hankalinsa ya tafi wani wuri. Can ya ce ba a barin su. Ya ce yana yaro bai ma lura ba, kuma rashin lurar ne yake ba shi kunya da ya girma. Sai daga baya na karanta na gane zurfin abin. Baƙaƙen Amurka suna da gasanninsu daban, da gwanaye irin Satchel Paige da Josh Gibson, har filin Yankees sukan yi haya su buga wasa in masu filin sun yi tafiya. Ba a buɗe musu ƙofa ba sai ranar 15 ga Afrilun 1947, da Jackie Robinson ya fito wa Dodgers a filin Ebbets. Gibson ya rasu a watan Janairun shekarar, wata 3 kafin wannan rana. Sai a 2020 hukumar babbar gasar ta amince cewa waɗancan gasanni ma manya ne, a 2024 aka haɗa alƙalumansu da na kowa, sai ga Gibson a saman kowa wajen yawan dacewar bugu a tarihi. Ina son fuskokin da ke cikin albam ɗina, amma ba na buɗe shafin 1934 ban tuna cewa an tace su kafin a buga ba. Duk wanda na nuna wa tarin sai na gaya masa wannan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Baba kansa, in aka bar zancen Hubbell, ba wanda yake yabo kamar Willie Mays, baƙar fatar da ya shigo Giants a 1951.

Akwai abu guda da na yi da kyakkyawar niyya wanda har yau yake damuna. A kakar 2012 na ari motar wani abokina, na ɗauki Baba da kekensa na kai shi kan tudun nan, ta titin Edgecombe. Na ɗauka zai yi murna. Giants sun bar New York zuwa San Francisco bayan kakar wasan 1957, an rushe Polo Grounds a 1964, an gina dogayen benaye na gidajen gwamnati a wurin. Abin da ya rage sai wata tsohuwar matakala da ƙungiyar ta gina a 1913, wadda mutane ke bi su sauka zuwa filin. Baba ya san duk wannan a da, amma ciwo ya share masa. Ya leƙa ƙasa ya ga benaye, ya waiwayo ya ce, "Ina filin?" Na rasa abin da zan ce. Ya sake tambaya, muryarsa na rawa, sai hawaye. Na juya keken muka koma mota. Ya kwana biyu bai ce a buɗe akwatin ba. A ranar na koyi cewa a cikin akwatin takalmin nan filin yana tsaye, Hubbell yana jifa, ni kuma na kai shi inda aka rushe masa shi karo na biyu.

Ya rasu a farkon 2014, da asuba, ina riƙe da hannunsa. Addininmu ba ɗaya ba ne, amma na san haƙƙin wanda aka zauna da shi shekara 3 ana cin abinci a tebur ɗaya. Na rufe masa ido, na gyara masa kwanciya, na kira waɗanda ya kamata a kira. Abin da ban sami yi wa mahaifina ba ke nan, kuma ina wannan tunani a lokacin da nake yi.

Ɗansa ya zo kamar mai ɗiban wuta, kwana 3 ya gama komai, don aiki na jiransa, mai gidan haya kuma yana son ɗakinsa. Ban ga laifinsa ba, kowa da yadda baƙin ciki yake kama shi. Na ga akwatin takalmin a cikin kayan da aka ware za a zubar. Kayan amana ne, ba zan ɗauka a ɓoye ba ko da daga bola ne, sai na same shi na ce ina roƙon ya ba ni, na kuma gaya masa cewa wasu daga ciki suna iya yin kuɗi, ya sani kafin ya amsa. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya zari guda ɗaya ya sa a aljihun rigarsa. Ya ce sauran nawa ne.

Da na shigo da akwatin gida uwargida ta ce ba zai kwana mata a ɗaki ba. Tana da hujja. A watan Maris na 2007 gobara ta tashi a wani gida a titin Woodycrest, a cikin Highbridge ɗin nan, ta kashe mutum 10 'yan asalin Mali, 9 daga cikinsu yara. Duk wani ɗan Afirka ta Yamma da ke Bronx a lokacin yana tuna wannan mako. Ba ashana ce ta haddasa ba, amma tun daga ranar duk abin da ya shafi wuta a gidanmu ba a wasa da shi. A cikin akwatin kuwa akwai kusan 30 na shekarun baya-baya da tsinkayensu a ciki. Dole ta sa na koyi yadda masu abin suke yi. Ana sa bakin ƙaramar wuƙa a ɗaga ƙafafun ƙarfen da ya maƙale tsinkayen, a zare shi a hankali don kada ramin ya yage, a cire tsinkayen gaba ɗaya, a miƙar da kwalin a danne shi tsakanin katako biyu na 'yan kwanaki. Tsinkayen na jiƙa su a ruwa kafin in zubar. Sai da ta gani da idonta cewa takarda ce kawai ta rage sannan ta ba su wuri a saman kabad.

Na yi asara kafin in iya. Robar da Baba ya ɗaure su da ita ta narke ta manne a jikin na sama da na ƙasa. Na sa tsumma mai ɗan damshi zan goge ɗaya, launin ya biyo tsumman, rabin fuskar mutumin ta tafi. Na daɗe ina jin zafin wannan. Maƙiyan bangon ashana su ne damshi da hasken rana da roba da salatif, sai kuma hannun mai gaggawa. Yanzu kowanne yana cikin aljihunsa na leda a albam, nesa da taga da bututun ɗumama ɗaki. Na kuma taɓa sayen wani ta intanet, a hoto ya yi kyau, da ya iso sai na ga an datse wurin ƙyastawar da almakashi. Yaran da da yawa haka suke yi don iyayensu su bar su su ajiye, masu tarawa kuma suna kiran irinsa mai guntun wutsiya, darajarsa ba ta kai rabin cikakke ba. Mai sayarwar ya ɓoye gefen a hoton da gangan. Tun daga nan ba na saye sai na ga gaba da baya da ƙasa. Wurin ƙyastawar ma yana faɗin shekaru: na da a gaba yake, daga shekarun 1970 aka mayar da shi baya saboda kiyaye haɗari. A wannan zamanin ne kuma laita ta roba mai arha ta shigo, mashaya sigari suka ragu, ashanar talla ta fara ɓacewa daga kan kanta.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Akwai ƙungiyar masu tara bangon ashana mai suna Rathkamp Matchcover Society, an kafa ta tun 1941, suna taro duk shekara. Yawancin waɗanda na haɗu da su a kasuwannin tsofaffin kaya dattawa ne, kuma masu kyauta ne fiye da yadda na zata. Wata tsohuwa a New Jersey, da ta ji yadda na faro, ta cika mini ambulan da na jadawalin wasannin ƙungiyoyi da na gidajen abincin tsofaffin 'yan wasa, har da na gidan abincin Stan Musial na St. Louis, ta ƙi karɓar ko sisi. A bakinsu na fara jin sunan Jefferson Burdick, mutumin Syracuse da ya tsara kundin da ya ba kowane jerin kati lambarsa, shi ya sa ake kiran jerin 1934 ɗin nan U1. Ya ba gidan tarihi na Metropolitan tarinsa na kusan guda 300,000, ya kwashe shekarunsa na ƙarshe yana manna su a albam da hannuwan da ciwon gaɓoɓi ya nakasa, ya gama a farkon 1963, ya rasu bayan 'yan makonni. Na sauke fasinja a ƙofar gidan nan ba adadi ina tuƙi. Ban taɓa shiga ba sai da ashana ta kai ni, ni da 'yata.

Cikin 200 ɗin nan, yau ina da 61. Guda 38 na Baba ne, sauran na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na yanke wa kaina dala 20 a wata, kuma sai bayan na aika na gida, an biya haya. Wata da yawa ba na sayen komai. Na san da wuya in cika jerin, hakan bai dame ni ba.

Wani dattijo da muke sallah tare, mutumin da nake girmamawa ƙwarai, ya taɓa jan hannuna gefe bayan Isha'i ya ce, "Ɗan nan, mutanen nan ba danginka ba ne, ba addininku ɗaya ba, abin kuma na mashaya sigari ne. Me ya haɗa ka da su?" Na ce, "Alhaji, gaskiya ka faɗa, ba dangina ba ne. Amma wani yaro ya sunkuya ya tsince su daga kwata, ya riƙe su shekara 80, da komai ya gudu daga kansa su ne suka tsaya masa. Na ga wannan da idona, ba zan iya barin su koma kwata ba." Ya jinjina kai, bai ce ya yarda ba, bai kuma sake tayar da maganar ba.

Zaman da na yi da fuskokin iyayen wasu ne ya hana ni sukuni a kan fuskar nawa uban. A 2016 na je gida, na ce wannan karon sai na nema da gaske. Na bi tsofaffin abokan sana'arsa, na bi gidajen da ya yi wa ɗinki shekara da shekaru, na sa aka buɗe akwatunan ƙarfe da adakar da aka daɗe ba a taɓa ba. Mutane sun yi mini kara, wasu har da ƙwalla. A kwana na 9, a gidan wani amininsa da shi ma ya rasu, matarsa ta fito da wani hoto fari da baƙi na taron suna. Maza 11 ne a tsaye a ƙofar zaure. A can gefen dama akwai wani siriri da hula zanna, ya ɗan juya kai kamar an kira shi daidai lokacin da aka ɗauka. Fuskar ba ta fi girman farcen babban yatsa ba, kuma ta yi hazo.

Na kai wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ta kai hoton bakin ƙofa wurin haske, ta ce, "Wallahi shi ne, ɗan nan. Dubi yadda ya riƙe hannunsa a baya." Yayana ya duba ya ce shi a ganinsa ƙanin mahaifinmu ne da ya rasu tun muna ƙanana, don sun yi kama sosai. Har na baro Zariya ba su daidaita ba, kuma babu sauran wanda ya halarci sunan nan da za a tambaya.

Matar ta bar mini hoton. Yana shafin farko na albam na ɗaya, a aljihun da ke kusa da na Hubbell. Na yanko farin kwali daidai girmansa na sa a bayansa, na rubuta layi 5 da hannuna, kamar yadda Diamond ya yi wa 'yan wasansa: sunansa da na mahaifinsa, unguwar da aka haife shi, sana'arsa, shekarun da ya yi a kan keke, da ranar da ya rasu. 'Yata ta karanta ta ce, "Abba, ba ka sa cewa yana gyaran murya kafin ya kira ka ba." Na karɓo biro na ƙara layi na 6.